Altanetar Bas Ɗin Auta

Asabar, 4 ga wata, takwas na safe

Matata ce ta ce in rubuta. Wai in ban juye abin da ke cikina a kan takarda ba, a kan yara zan juye shi, don jiya na daka wa ƙaramarmu tsawa saboda kawai ta ajiye kofi a bakin tebur. To ga shi ina rubutawa, a ragowar wani littafin makaranta na babbar 'yata.

Shekara ashirin da shida ina gyaran wutar mota. Rewaya kowa ke kira na, har Inna da ta haife ni idan tsokana ta motsa mata. A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa dawo min da mota yana zagi. Amma tun shekaranjiya na zama mutumin da ya cinna wa bas ɗin makaranta wuta da yara goma sha huɗu a ciki. Haka ake faɗa, kuma ba a ɓoye ake faɗa ba.

Yaran ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Auta ne ya fitar da su, ƙanena, shi ne direban. Irin wannan bas ɗin injinta a ƙarƙashin kujerar direba yake. Wuta ta tashi suna tsakiyar titi, ƙofar gefe ta cije, ƙarfen ya riga ya ɗau zafi, ya kama da hannu biyu ya ja har sai da ta buɗe. Yanzu yana asibiti, gado na shida, hannu biyu a naɗe.

Sati uku da suka wuce ya kawo min ita in duba. Na duba, lafiyarta ƙalau. Wai wannan ne laifina.

Asabar, biyar na yamma

Na je asibiti. Ɗakin cike da mata, na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Auta, sannu." Bai amsa ba. Ina jin allurar barci suka yi masa.

Litinin, 6 ga wata, ɗaya na rana

Gareji yau kamar gidan mutuwa, sai dai ni ne gawar kuma ina jin duk abin da ake cewa. Na shigo Mai Fenti da Mai Faci suna hira, suna ganina suka yi gum. Mai Faci fa! Mutumin da duk iliminsa iska ce, a hura a sace, shi ne yau yake yi wa mutane bayani a kan wutar mota. Da kunnena na ji yana cewa, "Ai waya aka bari tsirara."

Na ce, "Wace wayar? Zo ka nuna min ita."

Ya ce, "Haba Rewaya, ba da kai nake ba."

Na ce, "To da wa kake, da kakanka?"

Dogo makanike ne ya shiga tsakani, ya ja ni zuwa rumfata yana ba ni haƙuri. Haƙurin me? Ni na yi wa wani abu?

Kafin sha ɗaya sai ga mai tasin nan da nake yi wa aiki tun motarsa tana sabuwa, ya ce in ba shi makullinsa, wai tafiya ta kama shi. Tafiya da motar da ba ta tashi? Ina zaune na ga sun tura ta zuwa wancan layin, wurin wanda ni na koya masa yadda ake riƙe tasta, abin gwada wuta. Ya yi zafi, wallahi ya yi min zafi.

Talata, 7 ga wata, bakwai na safe

Bari in rubuta abin da na yi wa bas ɗin dalla-dalla, ko za a tambaye ni.

Auta ya zo ya ce jar wutar batir da ke kan dashbod tana ƙiftawa, ta kama ta ɗauke, ta kama ta ɗauke. Wannan wutar ita ke gaya wa direba ko altaneta tana caza batir ko ta daina. Na yi abin da ubangidana ya koya min, shi ma nasa ubangidan ya koya masa: ka tayar da mota, ka cire kan batir injin yana aiki. In ta mutu, altaneta ta tafi. In ta ci gaba da ruri, altaneta lafiya lau, ka sallami mai mota. Na cire, ko tari ba ta yi ba. Na sa mita, caji daidai. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, babu mai zafi, babu mai sako-sako. Na ce masa wutar ƙarya ce, motocin yanzu haka suke, rakinsu ya fi ciwonsu yawa.

Shi ke nan abin da na yi. Kusan shi ke nan. Sauran kuwa kowane rewaya yana yi.

Laraba, 8 ga wata, shida na yamma

Inna ta tare ni a barandar asibiti. Ta ce, "Kai Babba, kullum sai ka zo ka tokare ƙofa kamar mai gadi. Ga kujera can kusa da ɗan'uwanka, shiga ka zauna."

Na ce jikina duk baƙin mai ne, kada in kai masa datti kan ciwo.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Wankakkiyar riga ce a jikina, da safe matata ta goge min ita. Ta koma ciki.

Matar Auta kuwa, yarinyar da ba ta wuce ni ba tare da ta durƙusa ta ce "Yaya, ina wuni" ba, yau ta ratsa ta gabana da kwano a hannu kamar ta ga turken wuta. Ni na kai kayan aurenta a motata. To, duniya ce.

Alhamis, 9 ga wata, biyu na rana

Shugabar makarantar ta zo har gareji, da direbanta da tabarau. Ko fitowa daga mota ba ta yi ba, gilashi ta sauke. Ta ce iyayen yara suna neman bayani, za ta rubuta musu cewa matsalar daga "gyaran bakin titi" ta samo asali, ta ga ya dace in sani tukuna.

Na ce, "Ranki ya daɗe, shekara huɗu wannan bakin titin yake riƙe miki motoci. Da bas ɗinki ta mace a hanya ruwa na zuba, wa ya je?"

Ta ce ba jayayya ta zo yi ba. Gilashi ya hau.

An bar jaki ana dukan taiki. Wani ya ƙera mota, wani ya sayo ta, wani ya hana a kai ta inda ake da na'ura saboda tsada, amma mai tasta da filaya shi ne ya ƙona ta. Allah ya isa.

Juma'a, 10 ga wata, biyar na yamma

Na je. Bakin ƙofa. Bai amsa ba, kuma idonsa biyu.

Litinin, 13 ga wata, sha biyu na rana

Sai na rubuta wannan yanzu.

Mai sayar da kayan gyara na ƙarshen layi ya shigo rumfata da gudu, waya a hannu, yana cewa, "Rewaya, karanta, karanta!" Sanarwa ce daga kamfanin da ya ƙera irin bas ɗin Auta. Kiranye suke ce mata, wato duk mai irin wannan mota ya mayar musu da ita su canja altaneta kyauta, don sun gano akwai aibi a cikinta tun daga masana'anta. Tana sanyi tana aiki daidai, in ta ɗau zafi a doguwar tafiya sai cikinta ya narke, har takan kama da wuta. Shekarar bas ɗin Auta tana ciki. Muka dubo lambar jikin motar a tsohon katin aikina, tana ciki.

Tana sanyi tana aiki daidai! To ta yaya zan gane? Sai in shiga cikinta in zauna har ta yi zafi?

Kuma ranar da aka fitar da sanarwar? Wata bakwai da suka wuce. Wata bakwai sun sani, yara suna hawa suna sauka a kan tukunyar wuta, ƙanena yana zaune a kanta safe da yamma. Na yi ashar da ban taɓa yi ba a gaban mutane.

Akwai wani layi a ƙasan sanarwar, ƙananan rubutu. Ban tsaya karanta shi ba, na mayar masa da wayarsa.

Talata, 14 ga wata, huɗu na yamma

Na je ofishin dillalan kamfanin. Gilashi ta ko'ina, sanyi kamar cikin firij, sababbin motoci uku a jere ana goge su. Yarinyar da ke bakin tebur ta dubi faratana kafin ta dubi fuskata. Awa biyu ina kan benci kafin manaja ya fito, mai ɗaure da wuya, ba zai wuce sa'ar Auta ba.

Na nuna masa sanarwar. Ya ce ƙwarai, suna sane, kuma sun aika wa duk masu motocin wasiƙa.

Na ce, "Wa kuka aika wa?"

Ya ce, "Wanda sunansa ke cikin rajistarmu, wanda ya fara sayen motar."

Na ce, "Wanda ya fara sayenta yana wata ƙasa. Ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, aka ɗoro ta a jirgin ruwa. Ita wasiƙar iyo za ta yi ta biyo ta?"

Ya ce motar ba ta hannunsu ta shigo ba, don haka ba su da hanyar sanin inda take.

Na ce, "In sabuwar mota kuka kawo, har a jikin gada kuna liƙa hotonta, rediyo ya hana mu shan iska da tallarku. Ranar da kuka gane kun sayar wa mutane murhu, sai kuka tuna da gidan waya?"

Ya ce in rage murya akwai masu ciniki. Na ƙara ta. Na juya wurin wani dattijo da ke shafa jikin wata farar mota na ce, "Baba, ka tambaye su ko tana ci da wuta." Masu gadi biyu ne suka raka ni waje. Amma kafin nan manajan ya rubuta lambar motar, ya ce za su turo injiniyansu ya duba. Su turo ubansa ma.

Laraba, 15 ga wata, uku na rana

Na buga sanarwar a takarda, manya guda biyar. Ɗaya a ƙofar gareji, ɗaya a rumfata, ɗaya a jikin injin iskar Mai Faci don ya riƙa karantawa yana hurawa. Dogo ya miƙo min baƙin salatif daga kan bencina in liƙa, na ce a'a, ƙusa zan sa.

Ka ga mutane! Mai Fenti ya zo yana cewa shi dama tun farko ya ce ba hannun Rewaya ba ne. Mai Faci ya kawo min shayi. Mai tasi ya dawo da motarsa, wai tafiyar ta fasa, kuma rewayan wancan layin ya ƙona masa fis biyu. Shugabar makaranta ta bugo waya, yau na zama "Malam". Na amsa wa kowa sama-sama.

Sunana ya wanku. Ya kamata in ji daɗi, kuma na ji, sai dai abinci ya ƙi shiga.

Alhamis, 16 ga wata, shida na yamma

Na kai takardar asibiti. Yau na shiga, taku uku daga ƙofa. Na tsaya na karanta musu ita da ƙarfi, Inna da matar Auta da masu jinyar gadon kusa duk suna ji. Na ba su labarin manaja da masu gadi, har mutumin gado na biyar ya yi dariya ya riƙe ciki. Inna ta ce alhamdu lillahi. Matar Auta ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri," da ƙaramar murya.

Akwai wani kalanda a bango, saman gadonsa, mai hoton gada. Na san gadar nan yanzu fiye da wanda ya gina ta.

Na ce, "Auta, ka ji? Su ne. Sun sani tun wata bakwai."

Ya juya fuskarsa wajen taga.

Me kuma yake so? In kamo masa mai kamfanin in yanka a gabansa? Yaron da na goya, na koya masa tuƙi a motar mutane, na sha zagi a kansa. In fushi yake da ni ya buɗe baki ya faɗa mana.

Asabar, 18 ga wata, takwas na safe

Kada ma ya faɗa.

Talata, 21 ga wata, biyar na yamma

Injiniyan kamfani ya zo. Na shirya masa rashin mutunci, sai na tarar da dattijo mai sanyin magana, hannunsa irin nawa, duk tabon aiki. Muka je bayan makaranta inda aka ja gawar bas ɗin. Ya shiga ƙarƙashi da kansa, ya ciro altanetar, ta narke ta dunƙule. Ya ce, "Ita ce. Na ga irinta goma sha ɗaya." Dashbod kuwa babu abin da ya rage, roba ta zuba ta daskare. Na daɗe ina kallon wurin.

Daga nan ya ce sai ya ga direba. Muka je asibiti, ya zauna a kujerar nan ta kusa da gado, ni ina bakin ƙofa. Ya yi masa sannu, ya yaba masa, sannan ya buɗe littafinsa.

Ya ce, "Kafin wutar ta tashi, jar wutar batir ta kama ta tsaya? Ba ƙiftawa ba, ta tsaya cak?"

Auta ya ce, "Ban gani ba."

Wannan ce muryarsa ta farko da na ji tun ranar.

Injiniya ya rubuta. Muna fita yake ce min abin ya ba shi mamaki, don a duk sauran motocin wutar takan tsaya ja kamar minti goma kafin komai ya faru. Ya ce shi ne ma abin da aka rubuta a ƙasan sanarwar: in direba ya ga ta tsaya, ya gangara gefe ya kashe mota nan take, ya sauke mutane. Ya ce wataƙila ƙwan fitilar ne ya mutu. Na ce wataƙila.

Laraba, 22 ga wata, goma na safe

Daga kwanar kasuwa zuwa inda bas ɗin ta kama da wuta, na bi da babur yau ina duba agogo. A tafiyar minti goman nan akwai gidan mai biyu, akwai fili gaban asibitin dabbobi, akwai wurin tsayawa ya fi ashirin.

Alhamis, 23 ga wata, bakwai na safe

Na tashi ina zagin kamfani tun kafin in wanke fuska. Matata tana haɗa wa yara shayi, ta bari har na gaji, sannan ta tura su waje.

Ta ce, "Baban yara, kamfanin nan sun cancanci duk abin da ka faɗa, har da ƙari. Amma yau sati uku ke nan, in an ambaci Auta sai ka ɗauko kamfani. Shekaranjiya wayar dutsen guga ta zare na ce ka naɗe min, ka ce in sayi sabo. Kai da ko igiyar shanya ka gani sai ka naɗa mata salatif."

Na ce ta fita harkata.

Ta ce, "Na fita. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Na bar shayin na fita. Mace ta zauna da kai shekara ashirin, sai ta riƙa karanta ka kamar allon talla. Haushinta nake ji har yanzu.

Juma'a, 24 ga wata, biyu na rana

To, ga sauran.

Bayan na ce masa wutar ƙarya ce, Auta ya ce tana damun idonsa in yana tuƙi, kuma shugabar makaranta in ta leƙo ta gani sai ta yi ta masifa. Na yanki baƙin salatif, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, na liƙa a kan gilashin dashbod daidai saitin wutar. Na danna da yatsa ya zauna. Har na yi masa wasa na ce, "Ga shi na yi mata maganin surutu."

Kowa yana yi. Ubangidana har ƙwan yake cirewa gaba ɗaya. Na yi wa motoci sun fi ɗari, babu abin da ya taɓa faruwa.

Kamfani ne ya ƙera wutar da ta ci hannun ƙanena, wannan ba zan janye ba har in mutu. Amma motar ta yi ihu minti goma, ni kuma na riga na toshe mata baki.

Asabar, 25 ga wata, huɗu na yamma

Ina gama rubuta na jiya sai wani abu ya faɗo min a rai. Irin bas ɗin nan guda biyu ne kuma ke zuwa wurina: ta mai gidan burodi, da ta wani otal da ke ɗaukar ma'aikata. Duk biyun sun taɓa zuwa da ƙorafin jar wuta. Duk biyun na yi musu magani iri ɗaya. Kwana goma sha biyu da sanarwa a hannuna, ina yawo ina buga ta da ƙusa, ban tuna da su ba. Ko kuma na tuna na kau da kai, ban sani ba.

Ta otal na same ta a ajiye. Na ɓare, na ba direban takardar, na ce kada ta motsa.

Ta burodi sai da na bi shaguna huɗu kafin na cim mata, an tsaya ana sauke kaya, injin yana aiki. Direban ya ce, "A'a, Rewaya, lafiya?" Na zura kai ta taga na sa farce na ɓare salatif ɗin.

Ja. A tsaye cak, ba ƙiftawa.

Na murɗe makullin na zare, na ce kowa ya matsa. Kujerar direba ba ta taɓuwa don zafi, ga warin roba. Ya ce ai tun safe yake jin warin, ya ɗauka burodi ne ya ƙone. Ya fara faɗa wai zan ɓata masa rabon kaya, na ce in ya ƙara taku ɗaya wajen motar nan sai na kwantar da shi. Da ya huce ya tambaye ni wane ɗan iska ne ya rufe wutar. Na ce ni ne, a gabansa ma aka yi.

Na zauna a bakin kwata.

Litinin, 27 ga wata, ɗaya na rana

Mun ja motocin biyu har ƙofar dillalai, na sa aka ajiye su a gicciye inda babu mai shiga babu mai fita. Manaja ya fito yana cewa kayan ba su iso ba, sai nan da wata biyu. Na ce to motocin ma sai nan da wata biyu za su tashi daga nan. Kafin azahar sai ga altaneta biyu sun fito daga sito, a kwalinsu. Ashe akwai! Marasa tsoron Allah.

A gareji na ce duk wanda na taɓa liƙa wa salatif a dashbod ya zo in cire. Dogo ya ce, "Rewaya, kana tona wa kanka asiri fa." Na ce na sani.

Talata, 28 ga wata, shida na yamma

An sallami Auta. Ban je ɗauko shi ba, na tura Dogo da mota.

Alhamis, 30 ga wata, biyar na yamma

Na je gidansa da hantsi. Matarsa ta tafi karɓo magani, Inna tana ɗaki tana hutawa. Yana zaune a tsakar gida kan tabarma, hannayen a kan cinya, ga kwanon ruwan ɗumi da sabon bandeji a gefe, yana jiran mai canja masa.

Na tsaya. Akwai buta a jikin bango, ita na kalla na yi magana. Na faɗi duka, salatif, minti goma, motar burodi. Na ce gobe zan nemi injiniyan in gaya masa ba ƙwan fitila ba ne. Na ce na san abin da ya sa ya daina yi min magana, kuma yana da gaskiya.

Ya ce, "Ba ka sani ba."

Na ci gaba da kallon butar.

Ya ce, "Salatif ɗin ai ni na ce wutar tana damuna. Ina tsaye ka liƙa, na ce na gode. In laifi ne, tare muka yi shi. Ka gaya wa injiniya ko kada ka gaya masa, wannan ruwanka."

Na ce, "To mene ne?"

Ya ce, "Sati huɗu, Yaya. Mai shara ta kalli hannuna. Yaran makaranta sun zo sun kalla, wata har ta yi kuka. Kai kullum ka zo ka kalli ƙofa, ka kalli kalanda, ka zagi kamfani, ka tafi. Ranar da likitoci suka fara kankare min fata kai nake ta kira, Inna ta ce kana baranda. Sunanka ka zo wankewa, ka wanke. Ni fa?"

Na buɗe baki in ce wani abu a kan kamfani. Wallahi har ya zo kan harshena. Na haɗiye.

Ya ɗago hannayen ya miƙo min. Ya ce, "Kwance min."

Na durƙusa. Ni da nake zare waya mai kaurin gashi ba tare da ta tsinke ba, sai da na yi ta lalube kafin na samo bakin bandejin. Na warware a hankali, inda ya manne na jiƙa da ruwan ɗumi. Ya ja iska ta haƙori sau biyu, bai ce in bari ba.

Tafin hagu ya fara yin sabuwar fata, ja, mai sheƙi. Na dama ya fi muni. Shatin ƙarfen ƙofar yana nan kwance a tsakiyarsa, daga wannan gefe zuwa wancan. Yatsu uku suna motsi. Biyu na ƙarshe sun ƙi.

Ya ce likita ya ce wataƙila su saki, wataƙila ba za su saki ba. Sannan ya ɗaga hannun a gabana ya gwada dunƙule shi kamar zai kama sitiyari. Bai rufu ba. Ya sake gwadawa, ya sake, har sau uku, yana kallon fuskata.

Ban ɗauke ido ba.